Kalma Ɗaya, Ma'ana 645: Yadda Za Ka Mallaki Aikatau na Turanci Ta Hanyar Wasa

In ka tambayi ɗalibin sakandare ma'anar kalmar Turanci *run*, zai ce maka "gudu", kuma bai yi ƙarya ba. Amma ka miƙa masa jarida ka ce ya fassara *She runs a pharmacy in Sabon Gari*, ko *We have run out of fuel*, ko *He is running for governor*. A nan za ka ga ya tsaya cak, don babu mai gudu ko ɗaya a jimlolin nan uku. Ta farko tana nufin tana da kantin magani da take gudanarwa, ta biyu mai ya ƙare mana, ta uku yana neman kujerar gwamna. Irin wannan tarkon ne WAEC da NECO da JAMB suke ɗanawa a tambayoyin da ake cewa ka zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana. Dogayen kalmomin da yara ke tsoro galibi ma'anarsu ɗaya ce ko biyu, in ka haddace ka huta. Gajerun da ake rainawa su ne masu kayar da mutum.

Babban ƙamus na Oxford ya nuna girman abin. A bugunsa na biyu, na 1989, aikatau *set* ne ya fi kowace kalma tsawon bayani, da ma'anoni 430 da suka cinye kalmomi kusan 60,000. Da aka shiga sabunta ƙamus ɗin, *make* ya karɓe kambin a 2000, *put* ya karɓe a 2007, sai *run* a 2011 da ma'anoni 645 a matsayinsa na aikatau kaɗai. Masanin da ya yi aikin, Peter Gilliver, ya shafe kimanin wata tara a kan wannan kalma mai harafi uku.

Ba wanda zai haddace 645, kuma ba a bukatar hakan. Abin da ake bukata shi ne a daina koyon kalma ita kaɗai, a riƙa koyonta tare da abokan tafiyarta, sannan a yi ta juya ta a baki har ta zauna. Wasa shi ne hanya mafi sauƙi ta juyawar. Ga yadda za a bi.

Mataki na farko: fara da abin da ka riga ka iya

Kafin ka taɓa Turanci, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da Bahaushe yake "ci". Ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci mutunci, ya ci kasuwa, ya ci ado, ya ci sarauta, ya ci gado, ya ci riba, ya ci ƙwallo, an ci shi tara, wuta ta ci gida, mota tana cin mai, aiki ya ci gaba. In ka gama ka koma kan "sha": shan wahala, shan kashi, shan iska, shan alwashi, shan kunu, shan mamaki, shan gaban wani, shan bamban. Ba ka taɓa zama ka haddace waɗannan ba, amma ba ka taɓa rikicewa a kansu ba. Da ka ji "bashi" bayan "ci", ka san ba baki za a sa ba. Kalmar da ta biyo baya ita ce ta faɗa maka wace ma'ana ake nufi.

Wannan matakin ba ɓata lokaci ba ne. Yaron da ya ga cewa harshensa ma haka yake, ya daina ɗaukar Turanci a matsayin harshe marar kan gado, kuma ya gane cewa dabarar da zai yi aiki da ita tana kansa tun yana goye. Masu rubuta ƙamus na Hausa irin su Bargery, wanda nasa ya fito a 1934, sun sha irin wahalar da mutanen Oxford suka sha, a kan "ci" da "sha" da "yi".

Mataki na biyu: raba ma'anonin dangi-dangi

Ma'anonin *run* ba a warwatse suke ba. Duk suna komawa ga abu ɗaya, wato motsi mai ɗorewa wanda ba ya katsewa. Abin sha'awa, Hausa ta bi kusan hanya ɗaya: daga gudu aka sami gudana, daga gudana aka sami gudanarwa. In ka riƙe waɗannan ukun, ka riƙe fiye da rabin aikin.

Dangi na farko shi ne gudu da ƙafa, wanda kowa ya sani. A kusa da shi akwai zirga-zirgar abin hawa a kan hanyar da ya saba: *The train runs between Abuja and Kaduna*, jirgin ƙasa yana zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna.

Na biyu shi ne gudanar ruwa da duk abin da ke zuba. *The tap is running*, famfo a buɗe yake yana zuba. *His nose is running*, hancinsa yana yoyo. *The colour ran*, rinin tufa ya zuba a wanki. Har gudawa da ke damun ciki, Bature a maganar yau da kullum yana ce mata *the runs*, ka ga tunanin ɗaya ne da namu.

Na uku aikin inji ne. *The engine is running*, inji a kunne yake. *The generator runs on diesel*, janareta da dizal yake aiki. A kwamfuta ma *run* ake yi wa manhaja in za a sa ta aiki.

Na huɗu gudanarwa: shago, makaranta, asibiti, gida, ƙasa. Duk inda ka ga *run* ya hau kan wata hukuma ko sana'a kai tsaye, shugabanci ko kula ake nufi.

Na biyar takara ce, kuma nan masu sauraron labarai za su fi cin moriya. *Run for* neman muƙami, *running mate* mataimakin ɗan takara, *run-off* zagaye na biyu na zaɓe, irin wanda aka yi a Nijar a Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Mutanen Ingila sun fi cewa *stand for*, wanda ya yi daidai da tsayawa takara da muke faɗa, su kuma Amurkawa suka fi cewa *run for*.

Na shida miƙewa ne, a ƙasa ko a lokaci. *The road runs along the river*, hanyar ta bi gefen kogi. *The contract runs for two years*, kwangilar ta shekara biyu ce. *It runs in the family*, abin gado ne a gidansu.

Na ƙarshe shi ne shiga wani hali, galibi marar daɗi: *run dry* ƙafewa, *run low* kusa ƙarewa, *run late* makara, *run a fever* zazzaɓi, *run a risk* yin kasada.

Kada ka karɓi wannan rabon a matsayin doka. In kana ganin dangi na uku da na huɗu abu ɗaya ne, haɗa su. Rabon da ka yi da hannunka ya fi zama a kai.

Mataki na uku: tambayoyi uku a gaban kowace jimla

In ka ci karo da kalmar a rubutu, kada ka yi saurin fassarawa. Fara tambayar kanka wa ke aikin: mutum ne, ruwa ne, inji ne, hanya ce, ko yarjejeniya? Sannan ka duba ko akwai suna da ya biyo bayan aikatau kai tsaye. *She runs every morning* motsa jiki take yi, *She runs a school* shugabar makaranta ce, bambancin kawai shi ne a ta biyu aikin ya faɗa kan wani abu. Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: akwai wata 'yar ƙaramar kalma a maƙale, irin su *out*, *into*, *over*, *down*? In akwai, ka ajiye duk abin da ka sani game da gudu, ka ɗauki kalmomin biyu a matsayin sabuwar kalma guda.

Mataki na huɗu: 'yan ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana

Nan ne ya kamata a daɗe, don nan ne maki ke zubewa. Dubi waɗannan jimloli biyu: *He ran out of the room* da *He ran out of money*. Kalmomi huɗu na farko iri ɗaya ne sak. A ta farko ya fita daga ɗaki a guje, a ta biyu kuɗinsa sun ƙare. Abin da ya raba su shi ne ɗaki wuri ne da ake fita daga cikinsa, kuɗi kuwa abu ne da ke ƙarewa. Haka za ka riƙa auna kowace.

*Run into* yana da fuska uku. In mutum ne ya biyo baya, kiciɓis ne: *I ran into my teacher at the market*, na yi kiciɓis da malamina a kasuwa. In bango ne ko bishiya, karo ne. In matsala ce ko bashi, faɗawa ciki ne. *Run over* in an ambaci mota da akuya, takewa ce, in kuwa taro ne, ya wuce lokacin da aka ɗiba masa. *Run down* na batir ne da ya yi sanyi, na mutumin da ake kushewa a bayan idonsa, kuma gini *run-down* shi ne wanda ya lalace don rashin kula. *Run up a bill* tara bashi, *run through* bita cikin sauri, *run after* bin mutum, *run away* tserewa. In abokin aikinka ya ce *Let me run it by the manager*, yana nufin bari ya ji ta bakin manaja tukuna.

A matsayin suna ma kalmar tana da nata: *in the long run* a ƙarshen al'amari in tafiya ta yi nisa, *on the run* wanda hukuma ke nema yana ɓuya, *a run on the bank* rububin cire kuɗi in jama'a suka tsorata da banki. Akwai kuma *runs* da ake faɗa a Turancin titi na Nijeriya ana nufin harkar da ba ta kan hanya, har da satar jarrabawa. Wannan a barshi a titi, kada ya shiga takardar amsa.

Sai a kula da siffofinsa: *run* yanzu, *ran* ya wuce, *have run* an riga an yi. Cewa *I have ran* kuskure ne da ya yi yawa a bakin masu koyo, *runned* kuwa babu ita sam. A *running* da *runner* ana ninka harafin n.

Mataki na biyar: ƙamus da littafin ajiya

Nemi ƙamus na masu koyo, irin Oxford Advanced Learner's ko Longman ko Cambridge, dukansu ana buɗa su kyauta a intanet. Amfaninsu shi ne suna sa ma'anonin da aka fi amfani da su a gaba, kuma kowace ma'ana da jimlar misali. Harafin T a gefen ma'ana yana nufin aikatau mai ɗaukar karɓau, wato sunan da aikin ke faɗawa a kansa, harafin I wanda ba ya ɗauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta ma'ana ta ɗaya a rufe littafi. Sauka ƙasa har ka sami misalin da ya yi kama da jimlar da ke hannunka.

A littafinka ka ware wa kowane aikatau shafi biyu, ka raba shi dangi-dangi. Kada ka rubuta kalma da fassararta kawai, rubuta jimlar gaba ɗaya yadda ka same ta, ka sa Hausarta a ƙasa yadda Bahaushe zai faɗa da bakinsa. Wata dabara da nake matuƙar so ita ce karanta labari ɗaya a Daily Trust sannan a nemo shi a Aminiya, tunda gida ɗaya ke buga su. Za ka ga yadda masu aikin jarida ke warware kalma ɗaya ta hanyoyi da yawa, kuma da wuya ka ga sun ce "gudu".

Mataki na shida: wasan baki da wasan kati

Wasa da kalma ba baƙo ba ne a gare mu, masu kacici-kacici da zaurance da karya harshe. Abin da za a yi kawai shi ne a ja Turanci cikin dandali.

Wasan farko ba ya bukatar komai sai mutum uku zuwa shida. A zauna a da'ira, a zaɓi aikatau ɗaya, kowa ya kawo jimla da ma'anar da ba a riga an faɗa ba, ya kuma ba da Hausarta. Wanda ya maimaita ma'ana, ko ya wuce ƙirga goma bai ce komai ba, ya fita. A fara zagaye ɗaya da "ci" don jini ya tsinka, sannan a koma *run*. Za ka ji ƙaramar cikinsu ta ce, "Yaya, ai an faɗi wannan, famfo da hanci duk zuba ne!" Wannan gardamar ita ce karatun, kada babba ya yi saurin kashe ta. A bari su ja, sannan a buɗa ƙamus ya raba.

Na biyu na kati ne. Yanka kwali gida biyu. A tari ɗaya rubuta aikatau: *run, set, get, take, put, break, turn, come*. A ɗaya tarin rubuta *out, up, down, off, over, into, away, through*. Mai wasa ya ja ɗaya daga kowane tari ya haɗa jimla. In ya yi daidai maki 2, in ya kawo ma'ana ta biyu ta wannan haɗin a ƙara masa 3. Ba kowane haɗi ne yake da ma'ana ta musamman ba, saboda haka in ya ce "babu wannan" kuma ƙamus ya gaskata shi, a ba shi maki 1. Takwas sau takwas haɗi 64 ke nan, ya ishi aji guda zango ɗaya.

Mataki na bakwai: Scrabble

Scrabble wasa ne na jera ƙwayoyi masu haruffa a kan allo don haɗa kalmomi a ci maki. Wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro wasan a shekarun 1930, James Brunot kuma ya sa masa sunan Scrabble a 1948. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake shakka a wannan fage. A Nuwamban 2015, a birnin Perth na Ostireliya, Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya ta Turanci, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buga masa waya ya taya shi murna. Abin da ke ba ni takaici shi ne makarantunmu da yawa ba su da ko allo ɗaya, alhali kayan wasan ba su fi ƙarfin kwali da biro ba.

In za ka haɗa naka, zana allo mai gida 15 a tsaye 15 a kwance, gida 225 ke nan. Ƙwayoyi 100 ne. E guda 12, A da I tara-tara, O takwas, N da R da T shida-shida, L da S da U da D huɗu-huɗu, G uku, B, C, M, P, F, H, V, W da Y bibbiyu, K, J, X, Q da Z ɗai-ɗai, sai fararen ƙwayoyi biyu marasa rubutu da ke tsayawa a madadin kowane harafi amma ba su da maki. Wasula biyar da L, N, R, S, T maki 1 ne kowanne. D da G maki 2, B, C, M, P maki 3, F, H, V, W, Y maki 4, K maki 5, J da X maki 8, Q da Z maki 10. A kan allo akwai gidajen da ke ninka harafi sau biyu ko uku, da masu ninka kalma gaba ɗaya. Masu ninka kalma sau uku guda takwas ne, duk a bakin allo suke. Wurin zana su, kwaikwayi hoton allon gaske.

Kowa ya ja ƙwaya bakwai daga jaka ba tare da leƙawa ba. Kalmar farko dole ta bi ta gidan tsakiya, kuma ana ninka makinta. Daga nan duk kalmar da za a sa sai ta jingina da wadda ke kan allo, a kwance ko a tsaye, kuma duk haruffan da suka haɗu sai sun ba da kalma ta gaske. Ba a sa sunan mutum ko na gari, ba a sa taƙaitattun kalmomi. Wanda ya zuba ƙwayoyinsa bakwai a tashi ɗaya yana da ƙarin maki 50, 'yan wasa suna ce wa wannan bingo. In ka yi shakkar kalmar abokin wasa ka ƙalubalance shi, in babu ita ya kwashe ƙwayoyinsa ya rasa zagayen. A gasar ƙasa da ƙasa jerin kalmomi na Collins ne alƙali, kuma kowane ɗan wasa yana da minti 25. A gida ku yarda da ƙamus ɗaya tun kafin a fara, don rigimar tsakiyar wasa ba ta da daɗi.

Yanzu duba abin da RUN zai yi maka a allo. Ita kaɗai maki 3 ce, ba komai. Darajarta tana cikin abin da ake maƙala mata. Harafi ɗaya a bayanta ya ba ka RUNS, RUNG, RUNT, RUNE. A gabanta za ka iya gina RERUN, OUTRUN, OVERRUN. A ƙara mata jela ta zama RUNWAY ko RUNOFF, kowace maki 12, ko RUNAWAY mai harafi bakwai. A ce RUN tana kwance a allo, kai kuma kana riƙe da G, A, Z, E. Ka sa G a ƙarshenta ka sauko da GAZE a tsaye. RUNG maki 5, GAZE maki 14, ka tashi da 19. In gidan da G ya zauna mai ninka kalma sau biyu ne, duka kalmomin biyu za a ninka, ka kwashi 38. SET ma haka take: RESET, UPSET, ONSET, ASSET, SUNSET, OFFSET.

Sabon shiga yana farautar doguwar kalma, gwani yana haddace gajeru. Kalmomi masu harafi biyu a Collins sun ɗan haura 120, kuma su ne ke ba ka damar jera kalma a gefen kalma ka ci maki ta fuska biyu. Fara da masu ɗauke maka haruffa masu nauyi: QI, ZA, ZO, JO, XI, XU, AX, EX, OX. In akwai E a hagun wani gida mai ninka harafi sau uku, kuma akwai I a ƙarƙashinsa, ka ajiye X kaɗai: EX 25, XI 25, maki 50 da ƙwaya ɗaya. V kuwa babu ko kalma ɗaya mai harafi biyu da ke ɗauke da ita, shi ya sa ake toshe hanya da ita.

Kula da abin da ka bari a hannu kamar yadda kake kula da abin da ka zuba. Kada ka bar kanka da wasula zalla ko baƙaƙe zalla. Kada ka kashe S ko farar ƙwaya a kan ƙarin maki biyu ko uku, su ne mabuɗin bingo. Haruffan da suka fi haɗa kalma mai bakwai su ne na cikin RETAINS, waɗanda in ka juya su za su ba ka NASTIER, RETINAS da STAINER. In hannunka ya lalace gaba ɗaya, ka sadaukar da zagaye ɗaya ka canja ƙwaya, ya fi ka yi ta jan ƙafa da maki shida-shida. Sannan ka tuna wasan kamar dara yake, ba cinka kaɗai za ka duba ba, har da gidan da kake buɗe wa abokin karawa. An san 'yan wasan Nijeriya da wannan salo, na zaɓar gajerar kalma da ke rufe allo a kan doguwar da za ta kai abokin hamayya bakin gida mai ninki uku.

Amma akwai gaskiyar da dole a faɗa wa iyaye da malamai: Scrabble a kan kansa ba ya koyar da ma'ana. Nigel Richards na New Zealand ya ci gasar duniya ta Faransanci a 2015 ba tare da yana jin Faransanci ba, jerin kalmomin kawai ya haddace. Wannan baiwa ce babba, sai dai ba ita ɗalibi ke nema ba. Saboda haka a wasan gida da na aji a ƙara doka ɗaya: ba a rubuta maki sai mai kalma ya sa ta a jimla. In aikatau ne kuma ya kawo ma'ana biyu mabambanta, a ƙara masa maki 5. Wanda ya sa RUNOFF ya iya cewa zagaye na biyu ne na zaɓe, kuma ruwan sama ne da ke gangarowa daga gona ko rufi, ya cancanci ladansa. Kalmomi masu harafi biyu ma a nemi ma'anarsu ko sau ɗaya: XI harafin Girkanci ne, ZO wata dabba ce dangin shanu a yankin Tibet.

Mataki na takwas: wasan mutum ɗaya, da abin da ke biye

In ba ka da abokin wasa akwai Wordle, wanda Josh Wardle ya fitar a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Kalma ce mai harafi biyar a ɓoye, kana da dama shida. Kore yana nufin harafin yana wurinsa, rawaya yana cikin kalmar amma ba a nan ba, toka-toka babu shi. Fara da kalma mai haruffan da suka fi yawa, irin STARE ko RAISE. Ana yinsa a takarda ma in babu data: mutum ɗaya ya riƙe kalma a zuciya, ya riƙa sa alama a kan abin da ɗayan ya rubuta. In ka gano kalmar ranar, buɗe ƙamus ka ga ma'ana nawa gare ta kafin ka rufe waya.

Ba wa *run* mako biyu. Alamar ka shirya wucewa ita ce ka iya kawo jimla goma sha biyar masu ma'ana daban-daban ba tare da duba littafi ba. Daga nan ka koma *get*, don shi ya fi yawa a maganar baki, kuma danginsa manya uku ne: samu, zama, da isa wuri. Sai *take*, *put* da *make*. *Set* a barshi ƙarshe, tunda siffarsa ba ta canjawa tsakanin yanzu da abin da ya wuce, kuma mai koyo yana bukatar kunnensa ya saba da gane lokaci daga sauran jimla kafin ya tunkare shi.